Mu da Kukan Wurin Aiki

In dai zancen jaje ne da gaisuwar mutuwa, mu mutanen gabashin Sakkwato ba a bar mu a baya ba. A yi rasuwa a Achida da asuba, kafin azahar ka ga mutanen Dinawa da na Marnona sun cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci, an zaunar da dattijo kusa da mai gida yana amsa gaisuwa a madadinsa idan muryarsa ta ƙi fita. A cikin gida kuwa maƙwabta sun karɓe murhu, wata ta goya yaron da ke rigima, wata ta zauna kusa da wadda aka yi wa rashi, ba ta ce mata komai, hannu kawai ta ɗora mata a kafaɗa. Ba wanda ya shiga aji ya koyi wannan. Tasowa muka yi muka tarar ana yi.

To amma ɗauki ɗaya daga cikin dattawan nan masu iya zaman makoki, ka ba shi kujera a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ka naɗa shi hedimasta, ko shugaban 'yan yuniyon a tasha, sa'an nan wani na ƙasa da shi ya fashe da kuka a gabansa ana tsakar aiki. Sai ka ga duk hikimar ta gudu. Ya shiga kame-kame, ya duba agogo, ya jawo fayil ya ture. Abin da zai fara fita bakinsa shi ne, "Hanƙuri, hanƙuri! Ya isa hakanan. Share hawayenka, mutane na kallo." Bai ko tambayi abin da ya faru ba, har ya yanke cewa ya isa.

Ni ban raina haƙuri ba, wa ya isa? Da shi muke rayuwa a ƙasar nan. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, haƙurin da muke jefa wa mai kuka a ofis da sauri-sauri, rabinsa don kanmu muke faɗa. Kukan ya takura mu, mun rasa inda za mu sa idonmu, muna so ya tsaya mu samu sararin kanmu. Mai kukan ma yana ganewa. Shi ya sa za ka ga ya haɗiye sauran, ya ce "ba komi, Yallaɓai," ya fita da damuwarsa yadda ya shigo da ita, ga kuma kunya an ƙara masa.

Sai kuma taron. Mu ba a yin abu a gabanmu mu wuce. Kafin ka ce kwabo masinja ya leƙo, mai shara ta jingine tsintsiya, akawu ya baro lissafi, har wanda ya zo neman sa hannu a takardarsa ya matso yana cewa, "Lahiya? Mi as same shi?" Kowa da kyakkyawar niyya, na yarda. Sai dai kafin la'asar labari ya isa teburin mai shayi, kafin kasuwar mako ta ci ya tsallaka gulbi, kowa kuma ya ƙara masa gishiri. In mace ce a ce rikicin kishiya ne, ko da kuwa ba ta da ita. In namiji ne abin ya fi muni. A ce raki gare shi, a ce mata sun fi shi zuciya, wani ma ya rage murya ya ce, "Anya wane ba sai an kai shi Kware ba?" Wato asibitin ƙwaƙwalwa. Wannan suna na iya bin mutum shekaru. Ranar da za a zaɓi wanda za a tura kwas ko a ba riƙon sashe, sai wani ya tuna ya ce ai wannan ba shi da dauriya.

Mun san inda abin ya samo asali. An raine mu a kan namiji ba ya kuka. Yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, ana ɗaga shi ana cewa "kai namiji ne fa." Mun ga shaɗi wajen 'yan uwanmu Fulani, saurayi na shan bulala yana murmushi yana duba madubi. Mai naƙudar fari ana yabonta in ba a ji muryarta ba, uwa kuma tana kawaici a kan ɗan fari ko da zuciyarta na tafasa. Wannan tarbiyya ta yi mana rana, ba na musu, ita ta sa muke tsaye a inda wasu za su zube. Amma a lura da abin da take nunawa. Mutumin da aka raina haka, in har hawayensa ya zubo a gaban oga da abokan aiki, to abin da ke cinsa ya kai maƙura. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

A yankin nan kuwa ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san abin da ke sa babba kuka. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 suka rasu. A lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, mutum na wurin aiki ba shi da hanyar jin ko ƙanensa da ya tafi cin kasuwa ya dawo. Waɗanda suka binne mutanen nan su ne washegari suka koma aji suka ɗauki alli, su ne suka koma asibiti suna awon ciki, su ne direbobin da suka sake bin hanyar da fasinja. Ba wanda ya ba su lokacin sauke abin da suka gani. Ga wanda aka ɗauke wa ɗan uwa ana kiransa a waya ana cinikin rai, a ce kuɗi kaza da sabon babur. Ga wanda ya bar gonar gado don ba ta nomuwa sai an biya mutanen daji. A ƙara da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashi ya ƙare wata bai ko raba ba. Irin mutanen da ke zaune a ofisoshinmu ke nan, in ka gaishe su su ce lahiya lau.

Bari in ba ku labarin wata incajin ƙaramin asibiti a ƙasar Goronyo. Matar ƙanena na cikin layi ranar, ita ta ba ni farkon labarin, sauran kuwa yarinyar da abin ya shafa ce ta faɗa da bakinta bayan ƙura ta lafa. Ranar rigakafi ce, mata sun cika baranda da goyo, rana ta fara zafi. Wata matashiyar ma'aikaciya na cika katin yara sai wayarta ta yi ƙara. Ta fita ta amsa, ta dawo ta zauna, ta ɗauki biro. Biron na rawa a hannunta. Hawaye ya ɗiga a kan katin har tawada ta baje. Matan layi suka fara salati, wasu har sun miƙe.

Incajin, dattijuwa ce da ta kusa ritaya, ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta zare biron ta miƙa wa wata, ta ce, "Amshi, ci gaba da katin." Ta juya ga matan ta ce, "Ku zamna, ba ta jin daɗi, yanzu a sallame ku." Ta kama yarinyar a wuyan hannu ta ja ta ɗakin ajiya, inda firijin allurai yake, ta tura ƙofa. Ta zaunar da ita a kan kwali, ta fasa mata ledar ruwa, ita ma ta jawo benci. Ba ta ce uffan ba har kukan ya lafa don kansa. Sa'an nan ta ce, "Ɗiyata, in kina son faɗi, ga ni. In ba ki so, huta, ba mai shigowa."

Ashe yayanta aka tare a hanya, kiran nan kuwa masu riƙe da shi ne, sun sa shi a waya ta ji muryarsa. Incajin ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kawo mata labarin wani da nasa ya fi nata muni ba. Ta tambaye ta wa ke gida, ta kira ɗan kabu-kabun da ta amince da shi ya kai ta har ƙofa, ta sauya jadawalin kwana ta ɗauki daren yarinyar da kanta. Da ma'aikata suka matsa da tambaya sai ta ce uzurin gida ne. Sai da yarinyar ta yarda a faɗa, bayan kamar mako guda, aka zagaya da takarda kowa ya sa abin da ya sawwaƙa.

Abin da ya fi burge ni da matar nan shi ne ta fara da sutura. Kafin ta san dalili, kafin ta san ko babba ne ko ƙarami, ta raba yarinyar da idon jama'a. Aiki kuma bai tsaya ba, ko yaro ɗaya bai koma gida ba allura ba. Masu cewa in ka tsaya lallashin ma'aikaci aiki zai lalace, ga amsarsu nan.

Na san wani zai ce, ai ita mace ce, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ni namiji in ja matar mutane ɗaki in rufe ƙofa? A'a, kada ka yi, kada kuma ka kai hannu jikinta da sunan lallashi. Mutuncinta da naka duk abin tsarewa ne. Amma wannan bai ɗauke maka nauyi ba. Kai za ka watsa taron, kai za ka kira dattijuwar da ta yarda da ita ta zauna da ita, kai za ka ce ta tafi gida ba tare da an sa mata jan biro a rajista ba. Kuma in daga baya ta zo ta gaya maka sirrinta, amana ce. Wanda ya mayar da raunin ma'aikaciyarsa ƙofar neman wani abu daban, bai cancanci kujerar ba ko na yini guda.

Maza kuma nasu salon daban ne. A fadamar Wurno, wajen masu albasa da tafarnuwa, na ga mai gona ya tarar da ɗan ƙwadagonsa, magidanci mai 'ya'ya, durƙushe bayan injin ban-ruwa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Sai ya ƙwala wa sauran yaran kira, ya tura su can ƙarshen gona su buɗe wa fangali ruwa. Shi kuma ya tsuguna gefen injin, ya cire fulogi yana gogewa da bakin riga, alhali lafiyar injin ƙalau. Can, idonsa na kan fulogin, ya ce, "Malam, mi na na?" Matarsa ce aka ce sai an yi mata aiki a Sakkwato, ga shi ya riga ya sayar da akuyar ƙarshe. Mai gonar ya ba shi kuɗin aikinsa na gaba, ya ce a cire a hankali in an kwashe albasa. Har suka tashi idonsu bai haɗu ba. Mai gonar ya san namijinmu ya fi iya magana in ba a zuba masa ido ba.

Akwai wanda ya fi wuyar faɗi, amma sai an faɗa. Wani lokaci ogan ne da kansa sanadin kukan. Malami ne sunansa ya ɓace daga takardar albashi bayan tantancewa, wata da watanni yana zarya, ya iso makaranta a makare don da ƙafa ya tako, sai a tsayar da shi gaban ɗalibai a wanke shi tas. Ko masinja ne da ya haifi ogan, a kira shi sakarai a gaban baƙi. In hawayen irin wannan ya zubo, lallashi daga bakinka ba ya wadatarwa. Abin da ke kanka ban haƙuri ne irin na mai laifi, kuma tunda a gaban mutane ka ci zarafinsa, ya kamata mutanen nan su ji ka janye. Kowane ƙaramin shugaba a nan na son a ce yana da kwarjini irin na Gamji, wato Sardauna, tunda ɗan Rabah ne, a nan ya fara hakimci a 1934 bayan ya yi malanta a Midil ta Sakkwato. Sai muka ɗauka tsawa ita ce kwarjini. Tsoro kawai tsawa ke haifarwa, kuma mai tsoronka ba zai gaya maka ranar da allurai suka lalace ko asusu ya yi giɓi ba, sai abin ya fashe kowa ya ji.

"To, in wayo ne fa?" Wannan tambayar ba ta rasa mai yin ta a majalisa. Gaskiya ne akwai mai sa kuka don ya kauce wa takardar tuhuma. Amma ba a cikin minti biyun farko za ka gane ba, kuma ba ka yi asarar komai ba don ka ba shi ruwa da wurin zama. Laifin aiki ba ya guduwa. In ya yi sakaci, maganar na nan, a ɗaga ta zuwa gobe da safe, a yi ta tsakanin mutum biyu, a faɗi abin da ya lalace da yadda za a gyara. Mai wayo zai gane hawaye bai goge lissafi ba, mai gaskiya kuma zai ji maganarka da kunnen da jiya ba shi da shi. Kuskuren da ya fi tsada shi ne ka ɗauki mai ciwo a matsayin mai wayo, don shi ba zai sake buɗe maka baki ba.

Mu da muke kwana muna tashi kusa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, bai kamata a ce sai an zo daga waje an koya mana wannan ba. Ƙanwarsa Nana Asma'u, malamar da ta jagoranci 'Yan Taru, ta yi masa marsiyya, ta yi wa wasu makusantanta da suka riga ta, ba ta ɓoye zafin rashinsu ba, kuma ba a taɓa cewa hakan ya rage mata daraja ba. Malamanmu na karantar da mu cewa idon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, aka fahimtar da shi cewa rahama ce. Sun gaya mana yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri, don tausayin uwar da ke cikin sahu. Da labarin shahadar Ja'afar ya iso daga Mu'uta kuwa, umurni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Ka ga a nan jagora ne ya sauya tsarin abin da ake yi saboda halin mabiyansa, ya kuma haɗa tausayi da taimakon da ake gani. In liman zai rage karatu saboda kukan jariri, me zai hana shugaban sashe ɗaga taro na rabin awa?

Duniya ma ta farga da wannan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, suka kuma ba da shawarar a riƙa horar da shugabannin wurin aiki yadda za su gane ma'aikacin da ke cikin ƙunci, su saurare shi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Ad Vingerhoets, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kukan manya, shi da abokan bincikensa sun gano cewa samun sauƙi bayan kuka ya danganta ƙwarai da yadda na kusa suka karɓe shi. Wanda aka tallafa ya fi jin nauyi ya ragu, wanda ya ji kunya ko aka kushe shi kuwa ba kasafai yake samun sauƙin ba. Dattijuwar Goronyo ba ta karanta wannan ba, amma da shi ta yi aiki.

Inda muka fi yin sakaci shi ne washegari. Ko dai mu yi kamar ba a yi ba, har mu riƙa kauce wa mutumin a baranda, ko kuma mu bi shi da kallon tausayi muna ɗauke masa kowane aiki har ya ji ya zama nakasasshe. Gaisuwa ɗaya a keɓe ta isa: "Ya ƙarfin hali? Akwai abin da za mu iya?" Daga nan a bar shi ya koma bakin aikinsa da mutuncinsa. Shugaba kuma ya san abin da doka ta ba ma'aikacinsa, kada ya mayar da haƙƙi alfarma. Dokokin aikin gwamnatin tarayya, alal misali, sun ba da hutun jin ƙai har mako biyu da cikakken albashi ga wanda ya rasa miji ko mata ko ɗa ko mahaifi. Ma'aikata da yawa ba su sani ba, wasu ogannin ma haka.

Idan kuma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum ya daina barci, ya rame, yana firgita in babur ya yi ƙara, ko ya fara zancen gara mutuwa, to ya wuce lallashin ofis. A haɗa da addu'a, a kuma haɗa da likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware maƙwabcinmu ne, kuma ba don masu tsince-tsince a bola kaɗai aka gina shi ba, masu damuwa da rashin barci da firgici ma na zuwa a duba su su koma gida a ranar. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya, saura bakinmu. Mu daina yi wa juna ba'a da sunan garin nan, don ba'ar ce ke hana mai bukata zuwa. In oga ne zai kawo shawarar, ya kawo ta a keɓe, da taushin murya, ya kuma nemo ɗan uwan da zai raka shi.

Don haka Yallaɓai Ciyaman, Malam Hedimasta, Hajiya Incaji, shugaban tasha, mai gona da mai shago, roƙona gare ku ƙarami ne. Tun yau, kafin bukata ta taso, ku duba wurin da kuke shugabanta ku san wane ɗaki ko wace inuwa ce mutum zai iya zama ba ido a kansa, ku kuma san dattijo ko dattijuwar da za ku kira. Mu kuma sauran ma'aikata, ranar da abin ya faru, don Allah kowa ya koma kan teburinsa, kuma labarin kada ya kai wurin mai shayi.